Yadda Muka Shiga Jirgin Ruwa a Barselona, Ni da Yayata

Shawarar tafiyar tawa ce, kuɗin kuwa rabawa muka yi ni da Yaya, wadda ta amince bisa sharaɗi guda: kada in kuskura in ce mata ta zo ta leƙa ruwa. A wurinta ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma duk wanda ya zare kuɗinsa ya biya don a ɗora shi a kan teku har mako guda, to a binciki lafiyarsa. Zagayen da muka saya na yammacin Bahar Rum ne. A tashi daga Barselona a Sifaniya, a taɓa Marseille a Faransa, a gangara Jenowa da Napoli da tsibirin Sisili a Italiya, a biya Malta, sannan a dawo inda aka fito.

Ƙasashen nan huɗu duk suna cikin yankin Shengen, saboda haka biza ɗaya ta wadatar, kuɗinta kuma yuro 90 ne tun ƙarin da aka yi a 2024. Mai niyya ya duba taswirar zagayensa da kyau kafin ya biya, domin akwai jiragen da ke ratsawa ta Tunisiya. Da zarar jirgi ya taɓa can an fita daga Shengen ke nan, kuma mai bizar shiga sau ɗaya zai ga ta kansa a tasha ta gaba, in ma an bar shi ya hau tun farko.

Tafiyar jirgin sama ba ta da labari. A filin jirgin El Prat na Barselona jami'in shige da fice ya tambayi masaukinmu, na miƙa masa takardar otal ta dare ɗaya, ya ɗaga gira, na ƙara masa da takardar jirgin ruwa, ya buga hatimi. Da gangan muka iso tun ana gobe tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, in ya bar ka sai dai ka nemi jirgin ƙasa ka tare shi a Faransa da kuɗin aljihunka.

Mun kwana a wani ɗan otal a lungun da ke bayan titin La Rambla, inda suka karɓi harajin baƙi daban a kanta, kowane mutum kowane dare. Da yamma muka taka zuwa hasumiyar Kolumbus da ke ƙarshen titin, wadda aka gina a 1888, tsawonta kimanin mita 60, mutum-mutumin da ke samanta ya miƙa hannu wajen teku. A hanya muka ga rubutu da fenti a jikin wani bango, Yaya ta ce in karanta mata. Na ce cewa suka yi masu yawon buɗe ido su koma gidajensu. Ta tsaya cak. "To mu me muka yi musu, Auta?" Mu dai ba mu yi musu komai ba, amma fasinjojin jiragen ruwa na shaƙatawa irin namu fiye da miliyan 3 ne ke bi ta tashar garin a shekara, ga na jirgin sama, kuma mutanen gari na kukan cunkoso da tsadar haya. A watan Yuli na 2024 masu zanga-zanga har fesa wa baƙi ruwa suka yi da bindigogin wasan yara. Tun Oktoban 2023 aka rufe wa jiragen shaƙatawa ɗaya daga matsayan da ke dab da tsakiyar gari, aka tura su can Moll Adossat, wani dogon hannu na siminti da ya shiga cikin teku. Can ne jirginmu yake.

Da hantsi muka ja akwatunanmu zuwa wurin motar safa ta tasha, kusa da hasumiyar, yuro 3 kowane mutum. Motar ta hau gadar Porta d'Europa, wadda ake buɗe tsakiyarta jirage su wuce, kuma daga saman gadar ne muka fara ganinsu a jere. Hotuna ba sa gaya wa mutum gaskiyar abin. Unguwa guda ce aka ɗauka aka tsayar da ita a tsaye, baranda kan baranda, har sai ka karya wuya kafin ka ga samanta. Namu ya haura mita 300 a tsawo, fasinjoji sama da 4,000, ma'aikata sama da 1,000. Yaya ta daɗe tana kallo ta taga, can ta ce, "Wannan da ƙarfe aka yi shi?" Na ce e. Ta ce, "Ikon Allah." Ba ta ƙara cewa komai ba har muka sauka.

A bakin ginin tasha 'yan dako ke tsaye da manyan kejin ƙarfe masu taya. Kamfani kan aiko da wata doguwar takarda ta intanet mai ɗauke da sunanka da lambar ɗakinka, ka buga ta, ka naɗe, ka maƙala a hannun akwati. Ita ce kaɗai shaidarka. Wani ƙato ya duba tamu, ya sunkuci akwatunan biyu ya jefa cikin keji, ya juya ga na bayanmu. Babu rasit, babu lamba. Yaya ta riƙo mini hannu. "Shi ke nan? Haka za mu bar masa kayanmu?" Shi ke nan kuwa. Akwati ba ya isa ɗaki sai yamma, wani sai dare, don haka fasfo da magunguna da cajar waya da dardumar salla duk a jakar hannu muka zuba su.

Cikin ginin wani babban zaure ne mai layuka da igiya. An ba kowa lokacin zuwa tun a intanet, amma da alama kowa ya yanke shawarar zuwa kafin nasa. Na farko na'urar binciken kaya, irin ta filin jirgin sama, sai dai su ba ruwansu da man shafawa ko turare. Abin da suke farauta shi ne giyar da mutane ke ɓoyewa don gudun tsadar ta cikin jirgi, da kuma duk abin da zai iya ta da gobara. Daga nan aka ba mu lambar rukuni, muka zauna jiran kira. Wajen awa ɗaya muka yi a kujerun nan, kuma a cikin awar nan samari da 'yan mata masu fararen riguna sun zo mana sun fi sau nawa, kowa da abin sayarwarsa: wannan kuɗin abin sha na mako gaba ɗaya, wancan intanet, wata tausa, wani yawon gari a tashoshin da za a tsaya. Murmushi har kunne. Mutum bai ko taka jirgin ba an fara lissafa masa aljihu.

A kanta wata matashiya ta duba fasfo da biza, ta ɗauki hotonmu da wata 'yar kyamara, ta miƙo wa kowa katin roba mai girman katin banki. Ta yi mana bayani a gurguje, irin na wanda ya maimaita magana ɗaya tun safe. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma kuɗi, domin ba a karɓar tsabar kuɗi a shagunan jirgi da wuraren shan shayi. Sai ka haɗa shi da katin bankinka a wata na'ura, su riƙe wani abu a asusunka, ko ka ajiye tsabar kuɗi a ofis a riƙa cira. A fuskarsa akwai suna, da ɗakin cin abincin dare da lambar tebur da lokaci, da wani babban harafi guda da ta buga da farce ta ce kada mu manta shi.

Kafin ƙofa masu hoto sun tare hanya da labule mai zanen teku. Ɗauka kyauta ce, karɓar hoton ne da kuɗi. Muka ratse. Sai doguwar gada mai rufi da gilashi, tana hawa tana lanƙwasa, kuma ta wata 'yar tazara da ke ƙasa ana hango koren ruwa tsakanin jirgi da siminti. Yaya ta kafa idonta a ƙeyata tana karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane. A bakin ƙofa jami'in tsaro ya ɗora katina a na'ura, ta yi ƙara, fuskata ta fito a allonsa, ya dube ni ya dubi allon. Da wannan ƙarar suke sanin adadin ran da ke cikin jirgi a kowane minti.

Muna shiga tekun ya ɓace. Wani fili ne mai hawa uku, fitilu, matakala masu ƙyalli, mai kiɗan fiyano a gefe, shagunan agogo da turare a rufe, domin ba sa buɗewa sai jirgi ya bar tasha. Ƙasa ba ta motsi ko kaɗan. Yaya ta sake ni, ta gyara mayafi, ta ce, "Ashe ma otal ne." Wani abin da ban zata ba shi ne jirgin ba wofi muka same shi ba. A irin wannan zagaye ana ɗaukar fasinja a kusan kowace tasha, wasu sun hau a Jenowa, wasu a Napoli. Mu sababbin zuwa muna ta zare ido da jakunkuna a kafaɗa, su kuwa suna wuce mu da silifa da tawul, ko kallo ba mu ishe su ba.

An ce ɗakuna ba su gama shiryuwa ba, kowa ya hau sama ya ci abinci. A cikin lif na lura daga hawa na 16 sai na 18. Wani dattijo Ba'italiye ya ga ina ƙirga maɓallai, ya ce su a ƙasarsu 17 ce lambar da ake gudu, yadda wasu Turawa ke gudun 13. Jirgi mai na'urorin da ke auna zurfin ruwa cikin duhu, amma yana tsoron lamba.

Wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka shi ne wurin da ya fi ko'ina wahala a ranar. A ƙofa ma'aikaci na tsaye yana tura kowa wurin wanke hannu, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, saboda ciwon amai da gudawa in ya shiga jirgi yakan zagaye shi cikin kwanaki kaɗan. Ciki kuwa dubban mutane ne masu yunwa, kowa da tire da jakar baya, ana ta karo. Abinci ya yi yawa har ya rikita ido: taliya kala-kala, fiza na fitowa daga tanda, kifi, shinkafa, ganyayyaki, 'ya'yan itace, burodi tsibi-tsibi. A gaban kowane kwano akwai ɗan kati mai suna, amma naman alade yana shiga inda ba a zata ba, cikin miya, cikin taliya, har cikin wake. Na tambayi wani mai dafa abinci Ba'indiye, ya fito daga bayan kanta da kansa ya bi layin da ni yana nuna mini, wannan e, wannan a'a. Muka tsaya a kan kifi da shinkafa da ganye. Neman kujera ya fi neman abincin wuya. Da muka nausa can ƙarshen jirgin ta baya sai ga tebura babu kowa, mutane duk sun cushe a kusa da ƙofa.

Neman ɗaki shi ma aiki ne. Lungun ya miƙe har ƙarshensa ya tsuke a ido, ƙofofi iri ɗaya, kafet iri ɗaya, kuma babu taga da za ta nuna maka ina gaba ina baya. Ɗakuna masu lambar mara a gefe guda suke, masu lambar cika a ɗaya gefen, wanda ya shiga lungun da ba nasa ba sai ya kai ƙarshe ya dawo. Mu ɗakin ciki muka kama, marar taga, shi ne mafi araha, kuma Yaya ta ce ko kyauta aka ba ta mai baranda ba ta so. Ɗan ƙarami ne, taku kaɗan ka gama shi. Sai ka zura kati a wani rami kusa da ƙofa wuta ta kama. An rataya labule a bango inda taga ya kamata ta kasance, Yaya ta ja shi, ta tarar da bango.

Banɗakin ne ya ba mu dariyar farko. Masansa ba ruwa ke tura ƙazanta ba, iska ce ke zuƙe ta, don a rage ɓarnar ruwa, tun da yawancin ruwan jirgi daga teku ake tace shi a cire gishiri. Yaya ta danna maɓalli, abin ya yi wata irin ƙara, ta fito a guje tana salati, mayafi a hannu. Akwai sanarwa a bango cewa kada a jefa komai ciki ban da takardar da suka ajiye, domin bututun siriri ne, in ya toshe a ɗaki ɗaya sai ya shafi maƙwabta.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Mai kula da ɗakinmu ne, ɗan Indonesiya, siririn saurayi da ya ce daga tsibirin Java yake. Gadon a haɗe muka same shi, na roƙe shi ya raba, ya ce kafin mu dawo daga abincin dare an yi. Da idonsa ya faɗa kan darduma sai ya yi mana sallama cikakkiya, fuskarsa ta sake. Daga nan Yaya ta zama Mama. Ita kuwa ta samu ɗa, ta shiga yi masa tambayoyi ina fassarawa. Kwantiraginsa na wata takwas ne, babu ranar hutu ko ɗaya a ciki, sai 'yan awoyi tsakanin aikin safe da na yamma, kuma 'yarsa ta fara tafiya yana teku, a waya ya gani. Ba da sigar kuka ya faɗa ba, yana faɗa yana gyara tawul.

Shi ya warware mana matsalar alƙibla. Na buɗe manhajar waya, allurar ta yi ta juyi ta ƙi tsayawa. Ya yi dariya, ya ciro wani maganaɗisu daga aljihu ya manna a bango, ya zauna daram. Bangon da rufin duk ƙarfe ne aka lulluɓe. Ya kunna talabijin ya kai wata tasha mai nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa. Ya ce daga wannan yanki Makka tana gabas da ɗan karkata kudu, to in an san inda jirgi ya fuskanta sai a lissafa. "Yau da dare in mun kama hanyar Faransa, Mama ta fuskanci gaban jirgi, sannan ta karkata dama sosai. Gobe in ya juya zan zo in gaya muku." Wata tashar kuma kyamara ce da aka kafa a goshin jirgi, ita ce tagar masu ɗakin ciki, da ita ake gane gari ya waye ko rana ta faɗi.

Akwatina ya iso da la'asar. Na Yaya bai zo ba, sai wata takarda aka zuro ta ƙarƙashin ƙofa, wai ta sauka hawa na ƙasa wurin jami'an tsaro. Muka tarar da layin mutane kowa na sunkuyar da kai, ga akwatuna jere. Aka ce ta buɗe. Butar shayinta ce ta lantarki, wadda ba ta tafiya ko'ina sai da ita. A kan teburin akwai dutsen guga ya fi goma, da kyandirori, da wayoyin ƙarin soket. Jami'in ya ce babu abin da ma'aikacin jirgi ke tsoro kamar wuta, ruwa ma bai kai ta ba. Ya ba ta rasit, ya ce ta karɓa ranar sauka. Yaya ta ce, "Auta, gaya masa ni ban taɓa ƙona ko tsinke ba." Na gaya masa. Ya ce ya yarda, amma butar ta kwana a wurinsu. Ruwan zafi da ganyen shayi kyauta ne a wurin ɗebi-da-kanka, sai dai tsakaninsa da ɗakinmu hawa shida ne.

Wajen ƙarfe biyar aka dakatar da komai, aka rufe wuraren sha, kiɗa ya tsaya. Lasifika ta fara magana da Italiyanci, ta koma Turanci, Sifaniyanci, Faransanci, Jamusanci: atisayen ceton rai, kuma dole ne a kan kowa. Da farko a ɗaki za ka kalli bidiyon yadda ake sa rigar ceto, sannan ka sauka da ƙafa, ban da lif, zuwa wurin taruwar da harafin katinka ya nuna. Namu wani ɗakin kallo ne a hawan da kwale-kwalen ceto suke rataye, manya, masu rufi, ruwan lemo. Ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli sun tsaya a kowace kwana suna nuna hanya, cikinsu har da mai fiyanon nan da masu sayar da tausa. Kowane ma'aikaci yana da aiki na biyu in hatsari ya taso. Aka ɗora katin kowa a na'ura. Wanda bai zo ba ana kiran lambar ɗakinsa a lasifika. Sannan aka busa jiniyar gaggawa don kunne ya san ta, gajeru bakwai, doguwa ɗaya.

Na ga wasu na tsaki suna duba agogo, ni kuwa ban ga abin tsaki ba. Dokar kare rayuka a teku ta ƙasa da ƙasa an fara rubuta ta ne a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912, jirgin da kwale-kwalensa 20 ba za su ɗauki fiye da kusan rabin mutanen cikinsa ba. Har zuwa 'yan shekarun nan doka ta ba da awa 24 bayan hawa kafin a yi atisaye. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga tashar Civitavecchia a Italiya da yamma, bayan 'yan awoyi ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio, ya kwanta. Mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba, an bar shi sai gobe. Daga 2015 doka ta koma sai an yi kafin tashi, ko ana tashi nan take. Ban ba Yaya wannan tarihin ba sai da muka dawo gida. Ita dai ta fi kowa mai da hankali, har ta sa na ƙirga mata ƙofofin da ke tsakanin ɗakinmu da matakala, wai ko wuta ta ɗauke.

Ƙarfe shida saura na hau can sama ni kaɗai, bisa alkawari. Ban jima ba na ji an taɓa ni, sai ga Yaya, wai ɗakin ya yi mata shiru. Ta tsaya nesa da ƙarfen gefe, ta riƙe wani ginshiƙi. A ƙasa can mutane ƙanana suna cire igiyoyi masu kaurin cinya daga turakun ƙarfe, injin jirgi na janye su suna ɗigar ruwa. Babu wata girgiza. Tazarar da ke tsakaninmu da siminti ce kawai ta fara faɗi, domin akwai farfeloli a gefen jirgi da ke tura shi a kaikaice, ruwan ya dagule ya zama ruwan ƙasa. Sai ƙahon jirgi ya yi kuka, a ƙirji na ji shi kafin kunne. Yara suka toshe kunnuwa, aka saki kiɗa a bakin wurin ninƙaya.

Muka bi ta gaban dutsen Montjuïc, ganuwar soja a samansa, manyan ƙugiyoyin ɗaukar kwantena a gindinsa. A jikin dutsen akwai wasu gine-gine masu ƙananan tagogi jere-jere, hawa-hawa, suna kallon teku. Yaya ta ce waɗannan gidaje sun samu wuri mai kyau. Wata mata da ke kusa ta ce maƙabarta ce, tun 1883 ake binne mutanen gari a ramukan bangon nan. Yaya ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya sa mu cika da imani.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne bayan mun fita bakin tasha. Wani ɗan ƙaramin jirgi mai gudu ya biyo mu ya manne a gefenmu, yana tsalle a kan igiyar ruwa. Aka buɗe wata ƙofa can ƙasa dab da ruwa, aka sako tsanin igiya, wani mutum mai jaka a baya ya sauko, ya jira ƙaramin jirgin ya taso, ya taka, ya ɗaga hannu, suka juya. Jagoran tasha ke nan, ma'aikacin tashar da ya san kowane lungu na mashigarta, wanda doka ta ce sai da shi babban jirgi zai shiga ko ya fita. Duk wannan ba a tsaya ba. Yaya ba ta san ta saki ginshiƙin ta matso ba sai da ta ji hannunta a kan ƙarfen gefe. Na yi kamar ban gani ba. A nan na sa wayoyinmu a yanayin jirgin sama, domin da an yi nisa da gaɓa waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Abincin dare zama biyu ne, mu na farko aka ba mu. Tebur mai farin ƙyalle, cokula jere, ma'aikaci ɗan Filifin ya ja wa Yaya kujera. Abokan teburinmu wasu dattawa ne mata da miji, 'yan asalin Aljeriya mazauna Marseille, kuma daren farkonmu shi ne na ƙarshensu, gobe za su sauka a gida. Matar ta ga ma'aikacin ya kawo mana kwalbar ruwa ya karɓi katina, ta jira ya tafi, ta matso. "'Yata, wannan ruwan sayar miki ya yi. Abinci ne kyauta a nan, ruwa a'a. Ki nemi gora ki riƙa cikawa a sama." Mijin ya ƙara da cewa mu riƙa duba asusunmu a talabijin kowane dare, kada mu bari sai ranar sauka, lokacin da layin ofis ke kaiwa har matakala. Ta gaya mana in muna son nama mu yi wa shugaban masu hidima magana tun yau, wasu jiragen kan tanadi na halal in an nema da wuri, in babu kuma kifi ba ya yankewa. Ita da Yaya ba su da yare ɗaya ban da 'yan kalmomin Larabci, amma kafin a kawo kayan zaƙi sun nuna wa juna hotunan jikoki kaf.

Mun fito wajen tara, rana ba ta gama faɗuwa ba, haka ƙarshen watan Mayu yake a can. Sai lokacin aka fara jin jirgin a tafin ƙafa, ɗan lilo kaɗan, don akwai wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke fitowa su rage tangaɗi. Ba ya sauri ma. Tsakanin Barselona da Marseille kimanin kilomita 350 ne, kuma yana da dare guda cur, ga shi zai iya yin kusan kilomita 40 a awa in ya so.

A ɗaki mun tarar an raba gadon, an ajiye takardar shirin gobe, kuma saurayin nan ya manna wata 'yar takarda a bango da maganaɗisunsa, ya zana kibiya. Muka yi salla ta inda kibiyar ta nuna. Sannan na bi shawarar dattijon na buɗe asusu a talabijin. Kwalbar ruwa, da kaso 15 cikin ɗari na hidima a kanta. Shayin da na sha a wani shago bayan atisaye, shi ma da nasa kason. Sai kuɗin hidimar ma'aikata, yuro goma sha wani abu a kan kowane mutum, wanda za a riƙa ɗorawa kowane dare har mu sauka. Wannan na san da shi tun wurin saye, kuma bayan hirar da muka yi da mai ɗakinmu ban ji zafinsa ba. Yaya ta sa tabarau ta matso ta karanta layi-layi, ta ce in lissafa mata na mako. Na lissafa. Ta miƙo hannu. "Kawo katin nan, Auta. Daga yau a jakata zai riƙa kwana, in kina son shayi ki hau sama ki ɗebo mana na kyauta."